Jan Fenti a Layin Mama Bose

Samaru

Ana idar da sallar asuba na fito, da sandar awo da gwangwanin jan fenti. Aikina safiyo. Ofishinmu ya tura ni Sabon Gari in auna inda ruwan ambaliyar bara ya kai, don a sabunta taswira. Tsohuwar taswirar cewa take ruwa ba ya zuwa can. Unguwar da taswira ta ce lafiya take kuwa, babu mai yi mata kwalbati, balle gargaɗi.

Direban bas ya so ya jefa sandata a but, na ce ko kusa. Har Kwangila yana mita.

Kwangila

Nan na sha koko da ƙosai a tsaye, na hau keke napep. Mai keken ya kalli gwangwanin, ya ce, "Hajiya, yau gidan wa za a rushe?" Na yi dariya. Ashe ba wasa yake ba.

Sabon Gari

Mai unguwa ya tarbe ni, muka shiga wani layi da ya gangara rafi. Ikon Allah, kowane bango fes, sabon fenti, ko ɗigon laka babu. Duk wanda na tambaya sai ya ce ruwa bai wuce idon sawu ba. Su abin da suka sani, jan fentin hukuma ma'anarsa ɗaya: rusau.

Raina ya ɓaci, amma ban ga laifinsu ba. Na sa mai unguwa ya kai gwangwanin gidansa, na ari alli wajen wani tela, muka tara mutane a gindin mangwaro. Na shimfiɗa tsohuwar taswirar na nuna musu layinsu. Na ce ni ko akurki ba ni da ikon rushewa, kuma ba zan yi rantsuwa a madadin gwamnati ba. Amma in na rubuta idon sawu, kwalbati wata unguwa za a kai, ruwan bana ya sake samunsu suna barci.

Can wata dattijuwa Bayarabiya mai sayar da atamfa, Mama Bose, ta kama hannuna. "Zo, 'yata."

Ta kai ni uwar ɗakinta, ta sa aka janye kabad. Bayansa ba a yi fenti ba. Shatin laka ya kai mini wuya.

"Nan na tsaya da jikata a ka har gari ya waye," in ji ta. "Rubuta shi yadda yake."

Wallahi sai da idona ya cika. Na auna, na sa alama da alli. Kafin la'asar gida-gida ake janye mini kabad da gado.

Gida

Da magariba na iso Samaru, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Alhamdu lillahi, layin nan ya shiga sabuwar taswira da ainihin awonsa. Na gode wa mai unguwa da jama'arsa. Mama Bose kuwa, Allah kaɗai zai biya ta. Gidan nan shi ke nan abin da ta mallaka, kuma ita ta fara buɗe mini nata.