Ƙahon da Aka Yi wa Inna Tsakanin Gwaji Biyu

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna bai wuce firamare ba, maganar kuma ta asibiti ce, ina tsoron in rubuta abin da ba daidai ba, wani ya karanta ya cutu, alhakinsa ya hau kaina. Maigidana ya ce in bar abin, wai ni ko gishiri zan zuba a miya sai na nemi shawarar maƙwabta. Amma ciwon Inna ba ya jiran in gama shawara, shi ya sa na zauna.

Inna mahaifiyata ce. Tun ina goye take suyar masa a ƙofar gidanmu a Pantami, da itace, ɗanye ko busasshe, duk wanda ya samu. Na tashi ina ganin fuskarta a kan tanda, tana hura wuta da baki, idanunta na hawaye, tana ba da canji da ɗaya hannun. Tarinta kuwa da shi muke gane ta dawo gida. Da shekaru suka ja, likitoci suka ce hayaƙi ya lalata mata huhu, ba ya warkewa, sai dai lallaɓawa. Suka ba ta abin fesawa a baki. Ta bar suya. Yawancin kwanaki tana nan tana 'yan hidimominta a hankali, amma in ciwon ya tashi, ko daga ɗaki zuwa bakin randa sai ta tsaya ta dafa bango.

A daminar bara ya tashi mata fiye da yadda ya saba. Yafendo ce ta kira ni, ƙanwar Inna, wadda ta dawo zama da ita tun rasuwar mijinta. Na taho daga gidan aurena a Nasarawo na tarar da Inna a zaune, ta dafa gwiwoyi, leɓenta ya yi duhu, ba ta iya haɗa kalma biyu. Muka sa ta a keke napep. Duk ramin da muka faɗa sai in ji kamar ni na haƙa shi.

A asibiti aka sa mata iska ta hanci, aka yi allurai, aka ɗebi jini. Likitar matashiya ce mai saurin magana, Hausarta da ɗan karkata irin ta mutanen kudancin jiharmu. Washegari ta tsaya a bakin gado ta yi mana bayani, ni da Yafendo.

“In huhu ya kasa jawo iska, zuciya ce ke shan wahala. In ta wahala sosai, akwai wani abu da take saki a cikin jini. Shi muka auna. Na Mama ya hau.”

Na ce, “Ciwon zuciya ke nan, likita?”

“Ban ce ba tukuna. Alama ce cewa zuciyar ta jigata. In numfashi ya daidaita za mu sake aunawa, mu kuma ɗauki hoton zuciyar.”

Na riƙe maganar ina maimaitawa a raina don kada wata kalma ta zube. Yafendo ma ta riƙe, amma guntu ɗaya ta ɗauka: akwai wani abu a cikin jini.

Inna ta samu sauƙi aka sallame mu, aka sa mana ranar komawa. Ina zuwa duba ta kusan kullum. Wata rana da hantsi na yi sallama, na ji muryar namiji ta amsa daga tsakar gida. Inna na zaune a tabarma ta fuskanci bango, ta sauke zane daga kafaɗa, ƙahoni a jere a gadon bayanta. Tsohon wanzamin unguwarmu ne durƙushe, zabirarsa a buɗe.

Na durƙusa na gaishe shi, sannan na ce, “Baba, wa ya ce a yi?”

Bai ko ɗago ba. “Ke da na yi wa askin suna kina tsala ihu, yau ke ce mai tambayata izini?”

Yafendo ta fito daga madafa tana share hannu. “Ni na ce. Ba a gabanki likita ta ce abu ne a cikin jini ba? Su sun ɗiba a 'yar kwalba sun leƙa, sun bar sauran a jikin baiwar Allah. To mu mun fitar.”

“Yafendo, cewa ta yi alama ce.”

“Alamar ai a jinin take, ko a fanka take?”

Wanzamin ya cire ƙaho ɗaya ya juye a kasko, ya miƙo mini in gani. Jini ne baƙi, ya daskare. Ya ce mataccen jini ke nan, shi ke danne ƙirji. Na duba, na sake dubawa, kamar zan hango abin da likita ta auna yana yawo a ciki. Inna, wadda ba ta kiran sunana don ni ce ta fari, ta ce ba tare da ta juyo ba, “Ke, in tsayuwa za ki yi a kaina, matsa, kin tare mini iska.”

Ranar komawa aka sake ɗibar jini. Likitar ta duba sakamakon ta yi murmushi, ta ce abin ya sauka sosai. Yafendo ta kalle ni ta gefen ido. Ni kuwa tun a hanya nake tunanin ko ƙahon zai sa gwajin ya yi ƙarya, ya nuna sauƙin da babu shi. Na ce, “Likita, an fa yi mata ƙaho.” Yafendo ta mintsine ni a cinya.

Likitar ba ta yi faɗa ba. Ta ɗaga rigar Inna ta duba tsagar. Ta ce ƙaho ba ya sauke wannan abin, ya sauka ne don huhu ya lafa, zuciya ta samu hutu. Ta ce kada a ƙara, domin jinin Inna dama ba shi da yawa, in ya ƙara raguwa zuciyar ce za ta biya. Ta ce hoton zuciya na nan yana jiranmu, kuma duk ranar da ciwon ya sake tashi a zo da wuri, kada a tsaya.

A cikin keke Yafendo ta ce, “Dama ya za ta yarda? Duk shekarun da na yi ina taya ki suya, Yaya, kin taɓa jin na ce ƙosan maƙwabciya ya fi masarmu?” Inna ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Mai keken ma ya yi.

Daga ranar Inna ta ce ta gama da hoton zuciya. Zuciyar da aka ce ta huce, hoton me za a ɗauka? Ranar da aka sa mana ta zo ta wuce.

Ni na yarda da likita. Amma in na zauna ina ɗinki sai tunani ya yi ta kai ni yana dawo da ni. Abu biyu aka yi tsakanin gwajin farko da na biyu, magani da ƙaho, kuma abin ya sauka bayan duka biyun. Da me zan nuna wa tsohuwa cewa wannan ne ba wancan ba? Ba ni da komai a hannu sai “likita ta ce”. Na je wurin mai kemis na layinmu, wani Ibo da ya tsufa a garin nan, na zayyana masa komai. Ya saurara har ƙarshe ya ce, “Hajiya, ni magani nake sayarwa, ba na auna jini. Kai Mama asibiti.” Na fito kamar yadda na shiga.

Yanzu ga damina ta sake kamawa. Na koyi dabaru. Ina kai mata man shafawa in ce zan murza mata ƙafa, in danna yatsa a idon sawu in ga ko zai lotsa. A 'yan kwanakin nan yana lotsawa, ramin kuma ba ya saurin cikowa. Ta ƙara filo a shimfiɗarta, ta ce wai katifar ce ta kwanta. Kakin da take tofarwa ya soma sauya launi. In na koma Nasarawo sai in tuna ban duba ɗaya ƙafar da kyau ba, in ji kamar in tari acaɓa in koma. Wani lokacin ina komawa, in ce na manta mayafi.

Shekaranjiya na tarar Yafendo ta aika a faɗa wa wanzami ya leƙo in ya samu sarari. Na zauna kusa da Inna na ce, “Inna, don Allah mu je a sake aunawa. In ya hau a san abin yi.”

“In ya hau ai mun san abin yi.”

“Jininki ba shi da yawa, a gabanki aka faɗa.”

“Ita likita aikinta take karewa, shi ma tsohon nan nasa. Ke kuma tsoro kike karewa, tun kina ƙarama haka kike, ko kaza ta yi atishawa sai kin tashi gida.” Ta tsaya ta ja numfashi, na ji ƙirjinta na kuka kamar tsohuwar ƙofa. Sannan ta ce, “Ki kawo mini mutum ɗaya irina. Ba likita ba, ba mai karatu ba. Wanda huhunsa ya lalace kamar nawa, aka ce abin nan ya hau masa, ya kuma sauka ba a sa masa ƙaho ba. In na ji daga bakinsa, ki kira keke.”

Na sa ta maimaita a gaban Yafendo, ta maimaita. Ta kuma yarda a dakatar da wanzami, amma ba ta ce har yaushe ba, ni ma na ji tsoron tambaya.

Na tambaya a layinmu, na tambaya a gidan suna a Gabukka, na tambayi matan da nake wa ɗinki. Masu tari da yawa, amma ban samu wanda aka yi wa wannan gwajin ba. Don haka nake roƙon duk wanda ya karanta: in kai ne, ko mahaifiyarka, ko wani naku da ke da irin wannan ciwon huhu, aka auna alamar zuciya a jininsa lokacin da ciwon ya tashi, ta hau, daga baya ta sauka da maganin asibiti kaɗai, a taimaka a sanar da ni ta hannun waɗanda suka buga wannan rubutu. A faɗa mini tsawon lokacin da ta ɗauka kafin ta sauka, da abin da hoton zuciya ya nuna in an ɗauka. In mai ciwon zai iya magana da Inna ko ta waya ce, ya fi, kuma in tsohuwa ce da ta yi aikin wuta, ya fi duka.