Ni da Yakubu Direba, Daga Lokon Zariya Zuwa Baltimore

Talata: Zariya zuwa Abuja

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba motar da muka yi shata ta tsaya a ƙofar gidana a Sabon Garin Zariya. Mu biyu ne matafiyan: ni Sabo, wanda ya yi shekara talatin da ɗaya yana gyaran kawunan jirgin ƙasa a loko, wato garejinsu na reluwe, da aminina Yakubu, mutumin Kafanchan, wanda ya fara aikin reluwe yana zuba kwal a jirgin tururi, ya gama yana direba. Tun da muka yi ritaya ba mu da abin sha'awa sai bin tsofaffin tashoshi muna kallon kawunan jirgi, muna rubuta lambobinsu a wani littafi mai baƙin bango. 'Yarsa Ladi, ma'aikaciyar jinya a Amurka, ta gaji da jin labarin, ta ce mu zo mu ga na can. Sai da muka yi wata bakwai muna jiran biza.

A Jaji muka tsaya na yi sallar asuba, Yakubu ya sha shayi. Shingen jami'an tsaro uku muka wuce kafin Kaduna. Daga Rigasa muka hau jirgin ƙasa na safe zuwa Abuja, domin Yakubu ya rantse ba zai fara irin wannan tafiya a kan kwalta ba. Ƙarfe biyu saura jirgin sama ya ɗaga da mu.

Laraba: Saukar Washington

Mun sauya jirgi a Addis Ababa, ya tsaya shan mai a hanya, muka sauka da hantsi, ƙafafuna sun kumbura. Jami'in shige da fice ya tambaye mu abin da ya kawo mu.

"Kallon jirgin ƙasa," in ji Yakubu.

Mutumin ya dube mu, ya dubi fasfo, ya sake duban mu. Na miƙa masa littafin. Ya buɗe shafi biyu, ya yi murmushi ya ce yana da kawu mai irin wannan ciwon, ya buga mana hatimi.

Ladi na jira a waje. Ta rusuna ta gaishe ni, "Baba Sabo, sannunku da hanya," sannan ta rungume mahaifinta tana hawaye. Mil arba'in da ɗoriya ne zuwa Laurel, inda take zaune, amma cunkoso ya sa muka yi awa ɗaya da minti ashirin. Ta sauke mu da faten acca, ta kuma nuna mini alƙibla a wayarta tun kafin in tambaya.

Alhamis da Juma'a: Laurel da Wheaton

Daga gidanta zuwa tasha tafiyar minti goma sha biyu ce a ƙasa. Tsohon gini ne na jan bulo, ƙarami, bai kai tashar Zariya ba. Ƙarfe tara da minti goma muka ji ƙasa na rawa. Yakubu ya karkata kai.

"Jirgin kaya ne, Injiniya. Kai uku ke jan sa, kuma na tsakiyar ba ya aiki."

"Ko leƙowa bai yi ba, Direba."

"To jira."

Ya leƙo, kai uku, na tsakiyar shiru. Na rubuta lambobin, na shiga ƙirga taragu, na ɓace a tamanin da wani abu. Akwatunan ƙarfe an ɗora wani kan wani, abin da ban taɓa gani ba. Direban jirgin ya ga tsofaffi biyu suna ɗaga masa hannu, ya danna mana ham sau biyu. Ranar ko abincin rana muka manta.

Juma'a Ladi ta kai ni masallaci, suka jira ni a mota, daga nan muka wuce Wheaton, wajen wata Hajiya 'yar zangon Kumasi mai sayar da abinci. Da ta ji Hausarmu ta ce, "Akwaaba, baƙin gida!" Ta cika mana faranti da shinkafa da wake da wani baƙin yaji mai suna shito, wanda ya sa ni gumi har cikin hula.

Litinin: Washington

Ladi na wajen aiki, don haka mu kaɗai muka hau jirgin ƙarfe bakwai da minti biyar. An rage wa tsofaffi kuɗin tikiti. Jirgin ya tsaya a College Park, ɗalibai suka sauka, wasu suka hau, cikin minti talatin da biyar muna babbar tashar Washington. Ba mu tsaya kallon gininta ba. Tasi muka hau zuwa wata gada da Ladi ta rubuta mana sunanta, wadda ta ratsa ta saman gidan lokonsu.

Na leƙa ta wayar da aka kange gadar da ita, sai da na dafe ƙirji. Layuka sun fi ƙarfin ƙirge, kawunan lantarki a gefe, na dizal a gefe, ana wanke wani, an buɗe cikin wani. Na miƙa wa Yakubu tabarau mai kawo nesa kusa, na buɗe littafi.

"Karanto mini, in rubuta. Fara da mai shuɗin nan na bakin rumfa."

Ya daɗe yana dubawa. Can ya faɗi wata lamba. Na ɗaga kai, da idona tsirara na ga ba ita ba ce. Ba ma kan jirgin yake kallo ba, tabarau ɗin na fuskantar wata motar ɗaukar kaya.

"Direba, tun yaushe?"

Ya sauke hannu. "Shekara ɗaya da wani abu. Idon hagu ya tafi. Na dama kamar ina leƙe ta cikin bututu."

Sai a lokacin na tuna tun daga Kaduna yake riƙe da hannun rigata, ni kuwa ina cewa tsoron ɓacewa ne. Raina ya ɓaci, na ce masa shekara arba'in muna tare, wannan ne abin da zai ɓoye mini?

"In na faɗa, Ladi za ta soke komai ta kwantar da ni a asibiti. Ni kuwa jirgin tururi nake so in sake tsayawa a cikinsa tun da sauran haske. Don Allah kada ka gaya mata."

"Zuwa jibi kaɗai, in mun dawo daga Baltimore. Ko ka faɗa, ko in faɗa."

Ya yarda. Muka sauya aiki: ni nake dubawa ina rubutawa, ina kuma zayyana masa launi da fasali, shi kuwa yana saurare yana gaya mini wane inji ne ke da lafiya, wanne ke buƙatar a duba masa famfon mai. Kai goma sha tara muka samu. Wani ma'aikaci mai rigar lemu ya hango mu, ya cire hularsa ya kaɗa mana.

Laraba: Baltimore

Ranar Ladi ba ta da aiki, ta biyo mu. Minti arba'in jirgin ya yi. Daga tasha zuwa gidan adana tsofaffin jirage kimanin mil ɗaya ne. Tsohon gidan loko ne zagayayye mai dogon rufi, a tsakiya ga dandamalin juya kan jirgi, irin wanda muka taɓa yi da shi a Zariya, sai dai nasu yana ƙyalli.

Tun daga ƙofa Yakubu ya ja numfashi. Ƙanshin giris da tsohon ƙarfe iri ɗaya ne ko'ina a duniya. Wani dattijo Bature mai suna Mista Ray, wanda ke zagayawa da baƙi a matsayin aikin sa kai, ya ji muna gardama kan tukunyar wani jirgin tururi, ya matso. Ladi ta gaya masa ko mu su wane ne. Ya dubi Yakubu ya ce, "Kai da hannunka ka zuba kwal? Ni shekara goma sha ɗaya ina ba da labarin aikin nan, ban taɓa yin sa ba."

Ya kai mu wajen wani ƙaton kan jirgi, ƙafafunsa sun fi ni tsawo, ya ce mu hau ɗakin direba. Yakubu ya ɗaga ƙafa ya kuskure matakala, na tare shi. Na ga Ladi ta gani.

A ciki kuwa bai nemi taimakon kowa ba. Ya shafa ya sami birki, ya sami gilashin duba ruwa, ya ɗaga hannu ya kama igiyar usur. Da ya sunkuya wajen bakin murhu sai ya taɓa wani bututu mai kauri da ya taso daga ƙasa. Ya tambaya. Mista Ray ya ce inji ne, shi ke turo kwal daga baya har cikin wuta.

"Injiniya, ka ji?" Ya miƙe yana riƙe da ƙugu. "Shekara biyar ina shebur daga Kafanchan zuwa Jos, hawan dutsen nan, bayana kamar zai tsinke, ashe a nan inji ke yi!"

Muka yi ta dariya har Baturen ya nemi a fassara masa. Wasu masu ziyara suka taru, Mista Ray ya roƙi Yakubu ya yi musu bayani. Ya tsaya a bakin ƙofar, da Turancinsa na reluwe, ya nuna yadda ake watsa kwal kusurwa-kusurwa don kada wuta ta yi rami, da yadda ake zuba yashi a kan dogo in ruwan sama ya sa ƙafa na santsi. Ya naɗe hannun riga ya nuna tabon da ƙofar murhu ta yi masa. Aka tafa masa.

"Baba, ai ce mana ka yi ruwan zafi ne," in ji Ladi.

"Mamanku ce ta hana. Ta ce kada ku riƙa tsorata in na tafi aiki."

A jirgin komawa, mun wuce tasha biyu, sai Yakubu ya ce, "Ladi, akwai maganar da zan gaya miki."

"Idonka ne, Baba. Tun ranar da kuka sauka na gani, kana zuba shayi a gefen kofi. Na riga na karɓar maka ranar ganin likita, jibi ƙarfe goma. Na bari ne ka ga jirginka tukuna."

Yakubu ya juyo wajena. Na ce wallahi ban buɗe baki ba.

Juma'a zuwa Lahadi: Likita da shirin komawa

Likitar ta ce hawan jinin ido ne. Na hagu ba zai dawo ba, amma na dama ana iya riƙe abin da ya rage da magani da ɗan ƙaramin aiki, in ya zauna wata biyu. Da ya ƙara watanni a gida, in ji ta, da shi ma ya tafi. Yakubu ya ce ya gode wa Allah, ya kuma tambaya ko an hana shi zuwa tasha. Aka ce ba a hana ba, in da ɗan rakiya. Lahadi bayan sun taso daga coci muka je muka ƙara kai shida, jimla arba'in da ɗaya. Na bar masa littafin, Ladi ta ce ita za ta riƙa rubutawa.

Litinin da Talata: Gida

Ni kaɗai na dawo, ta hanyar da muka bi. Ƙarfe biyar da kwata na yammacin Talata na yi sallama a gidana. Bayan na ci tuwo, maiɗakina Hajiya Asabe ta karɓi waya ta shiga duba hotuna. Ta yi ta turawa, ta yi ta turawa.

"Malam, mako biyu a Amurka, ba fadar shugaban ƙasa, ba kasuwa, ba ko fuskar mutum? Duk ƙarfe?"

"Akwai mutum. Ci gaba."

Ta kai kan hoton Yakubu a ɗakin direba, hannunsa a sama riƙe da igiya, bakinsa har kunne. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce rabon da ta ga ya yi irin wannan dariya tun kafin rasuwar matarsa. Ta ce a wanke hoton a kafa a falo.

Na gode wa Allah da ya kai mu lafiya, ya dawo da ni lafiya. Ladi, Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki yadda kika yi mana. Hajiyar Kumasi da Mista Ray, Allah ya saka da alheri. Kai kuwa Direba, a riƙa ɗiga magani kan lokaci, ina nan ina jiran ka a Rigasa.