Babban Yatsan Gwaggo

Gwaggo ta zo Gumel ne don a duba mata ido, kuma tun kafin ta sauko daga mota ta sanar da ni cewa ba zama ta zo yi ba. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyata, kuma da yake sunan mahaifinta aka sa mini, ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "Babana". A Ɗanzomo take zaune ita kaɗai. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata duk suna ɗakunan mazajensu, damina kuma ta cinye rabin katangar gidan. Ni kuwa niyyata daban ce. So nake idan ta shigo ta shigo ke nan, kada ta sake komawa gidan da babu mai miƙo mata ruwa idan zazzaɓi ya kwantar da ita.

Aka yi aiki, aka cire yanar da ta rufe mata ido, Allah ya sa aka dace. Abin da ban yi tunani a kai ba shi ne abin da za ta gani idan idon ya buɗe.

Kullum idan na taso daga ofis na yi la'asar, mukan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ni da ita. Gwaggo akwai labari. Ta san wanda ya auri wance tun daga Sule Tankarkar har ƙauyukan da ke tsallaken iyaka, ta san rijiyar da aka yi faɗa a kanta da wanda ya raba faɗan. Ni kuma na ƙware wajen amsawa. Waya a hannu, yatsa yana ture bidiyo yana jawo wani, baki kuma yana aikinsa: "Allah sarki." "Ikon Allah." "Kai, Gwaggo!" Lokacin da ba ta gani sosai wannan dabara ta yi mini aiki, har takan yaba wa maiɗakina irin natsuwata. Da ido ya warke, sai asirina ya tonu.

Wata rana da yamma tana cikin magana sai ta ce, da irin muryar da take ba da kowane labari, wai tunkiyar maƙwabcinta ta haifi ɗan jaki. Na ce, "Masha Allah, Allah ya raya." Shirun da ya biyo baya ne ya sa na ɗago kai. Tana kallona da sababbin idanunta, maiɗakina kuma tana bakin murhu ta toshe baki da mayafi.

"Babana," in ji Gwaggo, "bayan Sallah ka sa ni a mota."

"Haba Gwaggo, me aka yi miki?"

"Ba a yi mini komai ba, ci da sha sai godiya. Amma can in na yi magana, ko kaji sukan ɗago kai."

Maganar ta soke ni, kuma ta ba ni tsoro, don na san Gwaggo ba ta faɗin abu sau biyu. A ranar na ƙudura zan rage wannan latse-latsen, kuma da yake ni mutumin zamani ne, a cikin wayar na shiga neman maganin wayar.

Manhajar farko da na sauke mai lissafi ce. Takan ƙirga lokacin da na ɓata, ta turo mini gargaɗi cikin ladabi, ni kuma in ture gargaɗin da yatsan da nake ture komai. Ta biyu ta fi ban sha'awa. Idan ka ajiye wayar sai wata 'yar bishiya ta fara tsiro a fuskarta, idan ka ɗauka kafin lokaci ya cika sai ta bushe. Ni da nake aiki a sashen gona na ƙaramar hukuma, nake yawo ƙauye-ƙauye ina wa'azin dashen itatuwa saboda hamada, cikin 'yan kwanaki na kashe dajin da ko masu yin gawayi sai sun sara mini. Akwai wata kuma da ke cewa in ja dogon numfashi kafin ta buɗe mini. Na ja, ta buɗe, na ci gaba daga inda na tsaya.

Duk matsalarsu ɗaya ce, makullin yana hannuna. An ba kura ajiyar nama.

Wata Alhamis aiki ya kai ni Maigatari, ranar kasuwa. Bayan na gama da masu riɗi sai na ratsa ta bayan kara, inda manyan motoci ke lodin shanu, na tsaya rumfar wani mai gyaran waya, dattijo mutumin Damagaram da na saba da shi. Na zayyana masa damuwata. Ya saurara yana kwance bayan wata waya, sannan ya ce, "Malam, ai taka mai sauƙi ce. Akwai wadda ke kulle duk abin da ka nuna mata, ba ta buɗewa sai da yatsa. Amma kada ka sa naka. Ka samu wanda kake jin kunya."

Nan take na san yatsan wa zan sa. Ya ɗora mini manhajar, ya kulle shafukan sada zumunta da na bidiyo da duk guruf-guruf ɗin da nake ciki, ya bar mini kira da saƙon tes. Ya saita ta yadda idan an buɗe da safe, da la'asar ta yi za ta kulle kanta. Da aka zo kan lambobin sirri na ko-ta-kwana, sai cika baki ya motsa mini. Na ce ya sa abin da ya ga dama, kuma ko na zo ina kuka kada ya gaya mini. Ya yi dariya ya ce ya ji.

Da na koma gida na yi wa Gwaggo bayani, ba ta sha wahalar ganewa ba. Ta ce, "Dangwale ke nan, irin na zaɓe." Na kama babban yatsanta na dama ina ɗorawa ina ɗagawa har wayar ta haddace shi. Yatsa ne da ya sha taɓarya da fartanya, zanensa ya kusa shafewa, sai da muka yi ta maimaitawa tana yi mini tsiya, wai ashe akwai ranar da boko zai zo neman sa hannunta.

Daga nan mulki ya koma hannun Gwaggo, kuma ta riƙe shi da kyau. Da safe in na zo gaishe ta, sai in durƙusa in miƙa waya. Ba ta dangwalawa sai ta tambayi yadda na kwana, da abin da na ci, da inda za ni. Da yamma kuwa idan hannuna ya fara ƙaiƙayi na matso da wayar, sai ta naɗe hannunta cikin zane.

"Me za ka gani?"

"Wani saƙo ne na ofis, Gwaggo."

"Ofishin naku ba ya tashi ne? To, zauna. Ina muka tsaya?"

Sai in zauna. Da farko jikina ne kawai a wurin, kunnena yana can yana jiran ƙarar saƙo. Amma mutum ba ya zama da hannu wofi a gaban mai iya labari bai faɗa ciki ba. Duk da haka ba ta janye maganar mota ba. Idan na yi mata zancen, takan ce, "Sallah dai ba ta zo ba tukuna." Na taɓa ce mata idan ta tafi sai dai ta bar mini yatsan, ta ce in kawo wuƙa.

Ana haka bikin ƙanwar maiɗakina ya taso a Gagarawa. Mata suka shiga shiri, mai zanen fulawa ta zo gida ta yi wa maiɗakina da maƙwabta. Gwaggo ta dubi zanen ta taɓe baki, ta ce wannan ai rubutun allo ne. Ta sa aka daka mata ganyen lalle, ta kwaɓa da kanta, ta dumbuza wa tafin hannu da kan yatsu irin na mutanen da, aka naɗe mata da leda tana ƙorafin wai duk Gumel an rasa zunguru. Da ta kwance ta ga bai kama yadda take so ba, sai ta maimaita, har ja ya koma baƙi. Ni kaina na yaba, na ce amarya ma sai ta yi da gaske.

Washegari da safe na durƙusa na miƙa waya. Ta dangwala, wayar ta yi ɗan kuka ta ƙi. Ta goge yatsan a zane ta sake, ta ƙi. Na hura wurin, na goge da bakin riga, na juya yatsan dama da hagu kamar mai gwada makulli a tsohon kwaɗo. Wayar ta ce ba ta san wannan yatsa ba.

Maiɗakina ta leƙo ta ga abin da ake ciki, sai ta fashe da dariya. "Ai lallen ne! Ba ka ji ana hana 'yan mata ƙunshi in za su je dangwalen jarrabawa ba?"

"To me ya hana ki faɗa jiya?"

"Ka tambaye ni? Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa."

Raina ya ɓaci ƙwarai, har na fita ban karya ba. Gwaggo kuwa ko a jikinta. Ta ɗaga hannun tana duba shi a hasken rana, ta ce lalle ya yi kyau, kuma irin wannan ba ya fita da wuri.

Na yanke shawarar ranar Alhamis zan koma Maigatari in lallashi mutumin Damagaram, ko da zai yi mini dariya har kasuwa ta watse. Kafin ranar, na ga abin mamaki: duniya ba ta tsaya ba. Da aka ɗage wani taro a ofis, abokin aikina ya kira ni ya faɗa mini. Labarin haihuwa da na rasuwa ina jin su a ƙofar masallaci kamar yadda ake ji tun fil azal. Abin da ya wuce ni kawai shi ne gardamar siyasa da bidiyon mutanen da ban sani ba suna rawa a garuruwan da ba zan taɓa zuwa ba.

Ranar Laraba da yamma, muna gindin darbejiya, zancen bikin Gagarawa ya ja Gwaggo zuwa wani bikin. Ta ce ita ta yi wa mahaifiyata ƙunshi ranar da za a kawo ta gidanmu. Na gyara zama. Ina ƙarami ƙwarai ta rasu, ba ni da hotonta, kuma a gidanmu ba a cika zancenta ba, ni ma kunya ba ta bar ni na tambaya ba. Gwaggo ta ce mahaifiyata bahaguwa ce, da hagu take tuƙa tuwo, har surukarta ta gaji da faɗa ta ƙyale ta. Ta ce tana tsoron raƙumi, idan ayari ya biyo ta ƙofar gida sai ta shige ɗaki ta turo ƙyaure. Idan dariya ta kama ta kuwa sai ta zauna a ƙasa, duk inda take.

"Kai ma haka kake yi," in ji Gwaggo. "Ba ka lura ba?"

Ban lura ba. Na kai shekarun da furfura ta fara fito mini, ina da 'ya'ya, amma sai a ranar na san wani abu nawa da na gado daga wurinta. Hawaye suka zo mini, ban ɓoye ba, kuma daɗi ne ya kawo su. Na yi ta tambaya har aka kira magariba, Gwaggo ta ce saura sai gobe. Gobe kuwa Alhamis ce, ban je Maigatari ba.

Haka muka ci makonni. Na koma karanta littattafan da suka daɗe suna shan ƙura a kan kabad, na gyara ƙofar bayan gida da maiɗakina ta gaji da yi mini magana a kanta. Azumi ya zo, muna shan ruwa tare a tabarma ɗaya, lallen yana ta kodewa a hankali, Sallah kuma tana matsowa. Ban sake tayar da zancen mota ba, don ina tsoron amsar.

Bayan Sallah da 'yan kwanaki, da safe na zo gaisuwa, sai ta ce in kawo wayar ta gwada. Ta dangwala, ta buɗe. Saƙonnin da suka taru suka shiga shigowa, wayar tana ta kuka a hannuna ba ƙaƙƙautawa. Gwaggo ta dube ta, ta dube ni. Na tafi ofis, na wuni ina jiran a kira ni a ce ta ɗaure kaya.

Da na dawo na tarar da ita a gindin darbejiya, ƙwarya a gabanta, maiɗakina tana tankaɗe mata garin lalle.

"Gwaggo, bikin wa kuma?"

"Sai da biki?" Ta ci gaba da kwaɓawa ba ta ɗago ba. "In ka samu mai zuwa Ɗanzomo, a gaya wa maƙwabcina ya shuka gonata bana, kada ta zauna haka nan. Zo ka ɗaure mini, 'yar nan hannunta ya ɓaci."

Na ajiye wayar a kan tabarma na durƙusa. Ta miƙo hannun dama, na ɗebo lallen na ƙara wa babban yatsan sosai, sannan na naɗe shi da leda na ɗaure.