Kawu Ɗan'azumi da Igiyar Turawa

Ku da kuka san Kawu Ɗan'azumi kun san bai taɓa zuwa lacca ba igiya ba. Kowace Asabar bayan la'asar, a filin firamaren unguwarmu a Daura, sai ya bari kowa ya zauna, sannan ya shimfiɗa ta a tsakiyar mutane.

"To! Na dama Ingila, na hagu Faransa. Haka Turawa suka yi mana, ba sallama!"

Damuwarsa ɗaya ce a duniya: kada yaran yanzu su tashi suna kiran danginsu na Nijar baƙi.

Ranar nan igiya ta raba Mai Unguwa da takalmansa. Ya miƙa hannu, Kawu ya daka masa tsawa.

"Ranka ya daɗe, ina takardarka?"

"Haba Malam, takalmina ne fa!"

"Kakana ma gonarsa ce."

Wallahi har aka tashi Mai Unguwa ba takalmi!

Lasifika kuwa, ko kyauta ba ya so. Muka haɗa kai muka kawo masa, ya ce, "Na gaba su ji, su gaya wa na baya. Da can da batir aka riƙe tarihi?"

Ni na taɓa kai shi Kongolam, kan iyakarmu da Nijar, a babur. Jami'i ya tare mu da ladabi.

"Baba, daga ina?"

"Daga gida."

"Sai ina?"

"Sai gida."

Bawan Allah ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Kafin ka ce me, Kawu ya sauka ya soma tambayarsa sunan kakarsa. Awa guda cur muna rana! Ƙarshenta jami'in ne ya ce, "Baba, don Allah ku wuce."

Da ciwo ya kwantar da shi bara, ya riƙe hannuna ya ce, "Anya yaran nan sun ji kuwa? Dariya kawai suke yi." Abin ya tsaya mini a rai.

Ranar jana'izarsa sai ga babura daga tsallaken iyaka, tsofaffi duk sun sha ƙura. Ban buɗe baki ba samarinmu suka ruga, wannan na cewa "Kawu, gidanmu za ka sauka," wancan na jan hannun wani yana kiransa Baffa. A nan ne na yi kuka.

Sun ji, Kawu. Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya sada ka da naka duka. Amin.