Karan Da Inna Ta Ƙulla

Shekarun baya can, tun ba a ba mu mulkin kai ba, ina ƙaramin malami a wata makarantar elemantare kusa da tashar jirgin ƙasa a Minna. A lokacin ne aka buga littafina na farko na yara. Ɗan siriri ne, tatsuniyoyi ne da na ji a bakin mahaifiyata. Ranar da ya iso a jirgi, wallahi ko D.O. bai kai ni taƙama ba.

Na hau keke sai Tudun Fulani, na same ta tana burga nono. Na ajiye mata littafin a gabanta. Ta juya shi, ta shinshina, ta ce, "To, yaushe yaran ke jin sa?"

Na ce, "Da hantsi, Inna, bayan darasin lissafi."

Sai ta saki maburgi. "Da rana tsaka? Tatsuniyata? Kai ɗan nan, ba ka san mai jin tatsuniya da rana ɓata yake yi a kasuwa ba? 'Ya'yan mutane za ka watsar?"

Na yi dariya, ni mai boko. Ita kuwa ko murmushi. Ta ce daga yau bakinta ya rufe, ba zan ƙara jin ko guda ba. Nan fa na shiga uku, domin masu ɗab'i sun nemi littafi na biyu, ni kuma ba ni da wata rijiya sai ita. Na gwada ƙago nawa, na karanta wa ɗalibai, rabinsu suka yi barci. Na kai mata goro, na kai zane. Ta karɓa ta sa albarka, bakin dai yana rufe.

Ran nan ina tsakiyar darasi sai ga ta a bakin ƙofa, ƙwaryar nono a ka. Ashe ta kasa sukuni ne, ta zo ta ga ko yaran suna nan. Ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta miƙa hannu ta zaro kara guda daga jinkar ajin, ta ƙulla shi tam, ta cusa a tsakiyar littafin.

Ta ce, "Haka kakata ke yi in ta kama dole. Na ɗaure tatsuniyar. Karanta."

Na soma. Ban yi nisa ba ta ce in matsa, ina kashe mata waƙar da ke ciki. Ta sauke ƙwarya ta zauna a ƙasa, ta ɗauko daga farko. Har jirgi ya yi kuka ya wuce, ba yaron da ya leƙa taga.

Littattafan da suka biyo baya duk daga bakinta suka fito, kowanne da sharaɗin karansa. Da aka zo ba ni lambar yabo, ta daɗe da rasuwa. Aka ce in karanta wa jama'a wani abu, rana kuwa ta take. Na sa hannu a aljihu na taɓa karan nan, sannan na buɗe baki.

Har yau ban yarda da camfin ba, amma ba na tunawa da shi sai na ji daɗi a raina. Na taɓa tsokanarta na ce, "Inna, ga shi ba wanda ya ɓata." Ta harare ni ta ce, "To da wa ya ƙulla?"