Kofuna ɗari huɗu da Baba Mai Tanda ya ƙi sa wa hannu

Shekara talatin da ɗaya ke nan, kullum bakwai saura kwata, Baba Mai Tanda yakan rataye rigarsa a ƙusar bayan ƙofar ɗakin gashi, ya ɗora bayan hannu a jikin tanda ya ji ko ta huce, sannan ya gaida mutane. Masana'antarsu tana yin kofunan tangaran da ake ɗaura wayar lantarki a kansu a saman turaku. Gashi ne aikinsa: a jera ɗanyen kaya, a hau da zafi a hankali, a sauko da shi a hankali, kwana da yini. In an buɗe tanda, sai ya bi kofunan da ƙaramar guduma, yana ƙwanƙwasawa yana saurare. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kuma ban ji ana shirya masa taro ba.

Shekara biyu da suka wuce aka kawo na'urar gashi ta maikirowef. Tsohuwar tanda daga waje take dumama kaya har zafi ya ratsa ciki. Sabuwar kuwa daga ciki take fara gashi, kuma aikin kwana da yini takan gama shi kafin azahar. Ma'aikata suka sa mata suna Sha-yanzu. Direban masana'anta ya riƙa tsokanar Baba, wai an kawo magajinsa tun yana raye. Baba ya ce masa ya fara koyon ribas tukuna.

Kofuna ɗari huɗu aka tara a gashin farko na sayarwa da Sha-yanzu ta yi. Sun fito sumul, injiniya ta sa hannu, mota tana bakin ƙofa, hannun Baba kaɗai ya rage. Ya ƙwanƙwasa ashirin, ya ajiye biro, ya ce ƙarar ba ta yi masa ba. Manaja ya ce kunne ba ma'auni ba ne, ko dai ya sa hannu ko a sallame shi a ranar. Matar da ke shirya kaya a kwali tana wurin, ta ce Baba ko murya bai ɗaga ba.

"Ranka ya daɗe, wanda zai hau turken nan ɗan wani ne. A yanka guda uku. In cikinsu lafiya, zan fita da ƙafata."

Aka yanka. Biyu suna da tsaga a tsakiya, siririya kamar gashin kai. Injiniya ce ta gano dalili, ta kuma faɗa da bakinta a gaban manaja: ta auna zafin bayan kofi yadda ake yi a tsohuwar tanda, alhali cikinsa ya fi bayansa zafi nesa ba kusa ba. Aka farfasa ɗari huɗun duka. Manaja bai ba shi haƙuri ba har yau.

Da wani ne, da sai ya yi ta goranta wa mutane. Baba bai yi ba. Ya ce na'ura ba ta da laifi, su ne ba su san halinta ba. Wata uku yana zama da injiniyar, yana ce mata 'yata, tana ce masa ya daina taɓa maɓallan da ba a tambaye shi ba. Tare suka gane a kewaye kofunan da tubalan da ke ɗaukar zafi, don waje da ciki su gasu tare. Yau fiye da rabin kayan masana'antar daga Sha-yanzu suke fitowa, da ƙarancin wuta da lokaci.

Kai ne, Baba, ka tsaya a gaban mai iko da abincinka ka ce a'a, kuma kai ne ka koma ɗalibin sa'ar 'yarka da furfura a kanka. Mutanen da suka hau turaku suka sauko lafiya ba su san sunanka ba, ba kuma za su sani ba. A madadinsu nake cewa mun gode, Allah ya saka da alheri.

Sauranmu kuwa, da yawa mun sa hannu a kan abin da ba mu duba ba, don kada a ce muna da taurin kai. Mu bar wannan hali. In an miƙo maka takarda, ka duba kayan tukuna. In ba su yi ba, ka ajiye biro, ko da mota tana jira a bakin ƙofa.