Wuskin Bana

Ban san wuski ba. A ƙauyenmu burkutu na sani, shi kuma in ya kwana biyu sai a zubar.

Da Kirsimeti ta matso, na shiga wani shago a unguwar Rusholme in sayi wuski in kai wa dattijon da ya ba ni ɗaki a Birmingham lokacin da ba ni da wurin kwana. Ina so ya san ban manta ba. Mai shago ya sauko da wata kwalba, ya ce shekararta sha biyu. Na ce ba zan kai wa mutumin kirki kwantai ba, ya ba ni na bana. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗauko wata daga can ƙasa.

Da na kai wa dattijon, wanda nake kira Baba, ya karɓa, ya jujjuya ta, ya ce, “Kai, wa ya zaɓar maka?”

“Ni. Sabo ne fil, Baba.”

Ya yi dariya har da tari, ya miƙa wa matarsa ta zuba a kek. Da baƙi suka zo, sai ya fito da wani mai shekara sha takwas, suna ta yabo. Na zauna ina jira cikin wani ya ɓaci. Ba wanda ya ko motsa.